Babi na Shida: Bargar Ƙauye a Ƙasar Rano

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanya ranar Salla, ya ga hakimi ya wuce da dagatansa, dawaki sun sha jalala da layu, zagage suna gaba, masu algaita da kalangu suna biye, da wuya hankalinsa ya koma ga wurin da waɗannan dabbobi suka kwana jiya, balle ga yaron da ya yanko ciyawar da ke cikinsu. Galibin 'yan kallo sun ɗauka dokin hawa daga gidan sarauta kaɗai yake fitowa, alhali kuwa da za a bi sawun kofato a mayar da kowane doki inda ya fito, da an tarar da yawa daga cikinsu sun nufi ƙauyuka, sun shiga gidajen dagatai da masu unguwanni da manoma masu ɗan hali, inda turke biyu ne ko uku kacal a bayan zaure. Irin wannan barga nake nufin in bayyana a wannan babi, yadda ake kwana a cikinta da yadda ake tashi, domin a ganina a nan ilmin doki yake zaune.

Na zaɓi Saji, ɗaya daga cikin gundumomin ƙaramar hukumar Rano, da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da ita har wajen Kibiya, saboda ƙasa ce da doki ya daɗe a cikinta. Rano tana cikin Hausa Bakwai, sarkinta ake kira Autan Bawo, kuma a ƙarni na 19, sa'ad da mayaƙan Ningi suka matsa wa kudancin Kano da hari, musamman a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi wanda ya hau gado a 1855, mutanen wannan yanki su ne a bakin daga, doki kuwa shi ne bambanci tsakanin wanda ya bi sawun mahara ya ƙwato iyalinsa da wanda ya zauna yana salallami. Tun kafin wannan, Tarihin Kano ya ambaci cewa Sarki Kanajeji ne ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, Muhammadu Rumfa kuma, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara dawakin zage. Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta ba doki kashi biyu na ganima, mahayinsa kashi ɗaya. To, amma a 1903 Turawa suka ci Bebeji, wadda ba ta da nisa da nan, suka wuce suka ci Kano da igwa da bindiga mai ruwa, aikin yaƙi ya fita daga hannun doki; daga bisani keke da mota da babur suka karɓe aikin tafiya. Abin da ya rage masa sai hawan Salla, da rakiyar ango, da tarbar manyan baƙi, da kilisa. Wanda ya ga abin da doki ke ci a shekara, ya auna shi da 'yan kwanakin da ake hawansa a bainar jama'a, zai gane ba lissafin riba ne ya tsayar da turken ba; gado ne, da ƙauna, da wani mutunci da mutum ke ji in an ce gidan wane ba a taɓa rasa doki ba.

Bargar ƙauye ba ta da wani gini na a zo a gani. Rumfa ce ta kara ko ta kwano, an kewaye ta da darni ko guntuwar katanga, a gefen zaure ko a bayansa, inda maigida zai iya jin motsin dabbarsa daga shimfiɗarsa. A ƙarƙashinta an kafa turke na itace mai tauri, irin ƙirya ko marke, wanda gara ba ta saurin ci. A nan ake ɗaure doki da igiya a ƙafar gaba, ana sauya ƙafar lokaci lokaci don kada igiyar ta ci masa fata. Da yake Bahaushe bai saba dandaƙe dokin hawa ba, maza biyu kuma ba sa ga-maciji da juna, ala tilas a bar tazara tsakanin turke da turke, yadda haƙorin wannan ba zai kai ga wuyan wancan ba, harbin wancan kuma ba zai sami wannan ba. Ƙasan wurin rairayi ne da ake ɗebowa daga rafi, domin yana shanye fitsari, yana da taushi ga kofato, doki kuma yana samun inda zai yi birgima. Sai komin abinci, da rabin duro ko babbar tukunyar ruwa, da wani lungu a zaure inda ake rataye sirdi da linzami da likkafa, nesa da raɓa da ɓera.

Aiki yana farawa da an sallame sallar asuba. Yaron barga, wanda galibi ɗan gidan ne, ko ɗan ɗan'uwa, ko almajirin da ya daɗe a gidan, yakan shiga da tsintsiya da kwando ya kwashe kashin dare, ya kankare jiƙaƙƙen rairayi ya zuba busasshe, ya kai abin da ya kwasa juji, inda zai taru har bazara a kai shi gona. Amma maigidan da ya san abin da yake yi ba ya bari a share kafin ya leƙa. Yakan tsaya ya dubi kashin, ko ya yi tauri ainun, ko ya yi ruwa, ko ya kasa yawan da aka saba gani; ya dubi komi ko an bar saura; ya dubi tsayuwar dokin, ko yana ɗage wata ƙafa yana tsoron taka ta; ya bi gadon bayansa da tafin hannu tun daga tozo har kuturi yana neman kumburi ko zafi; sa'an nan ya ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya ya cire tsakuwa ko ƙaya. Duk wannan ba ya cin lokaci, amma shi ne asalin likitancin doki, domin dabba ba ta faɗin inda ke mata ciwo, kuma ciwon cikin da aka gano da sassafe yana jin magani, wanda aka gano da la'asar kuwa sau da yawa ya riga ya yi nisa. Dokin da ya saba da ubangijinsa yakan yi wata 'yar haniniya ta cikin hanci da zarar ya ji takunsa. Ranar da bai yi ba, to, akwai magana.

Mas'alar abinci ita ce mafi girma, kuma a nan ne masu sabon shiga suka fi yin kuskure. Allah ya halicci doki da ƙaramin tumbi in aka kwatanta da girman jikinsa, bai ba shi tuƙa irin ta saniya ba, bai kuma ba shi ikon yin amai ba, saboda haka duk abin da ya shiga cikinsa ba shi da hanyar komowa, sai dai ya wuce, ko ya tsaya ya zama cuta. Dabba ce da aka yi domin ta yini tana tsinkar ciyawa kaɗan kaɗan tana tafiya. Mu ne muka ɗaure ta a turke, don haka wajibi ne mu mayar mata da kwatankwacin abin da muka raba ta da shi. Shi ya sa a barga mai tsari ba a raba doki da abin taunawa, ɗanyar ciyawa da damina, harawa da ingirici da karmami da rani. Hatsi kuwa, dawa ko gero ko dusa, ƙari ne a kan wannan: da kwano sananne ake auna shi, a raba shi safe da yamma, a ƙara in aiki ya ƙaru, a rage in doki yana zaune, a kuma sheƙe shi a fitar da tsakuwa da ƙasa, wanda ya yi fumfuna kuwa ba a kusantar da shi komi sam. Ana jiƙa kanwa a ruwan sha ko a cuɗa ta da dusa, irin wadda fatake suka saba kawowa daga Barno da ƙasar Manga, domin masu doki sun shaida tana buɗe ci. Ruwa kuma ba a ƙwauronsa, don babban doki yakan sha lita 30 zuwa 50 a yinin bazara.

Akwai wata al'ada da ban taɓa samun natsuwa da ita ba, watau ɗura, inda ake dunƙula garin gero ko dusa da kanwa, a buɗe bakin doki a riƙa tura masa har ya wuce ƙoshi, don ya yi ƙiba ya yi sheƙi kafin Salla. Ban musa ba, ingarman da aka ɗura yana da kwarjini a ƙarƙashin kaya. Amma hatsin da ya wuce kima yakan sauka a ƙafa, kofato ya ɗauki zafi, doki ya riƙa tsayuwa yana jingina nauyinsa baya don ya sauƙaƙa wa ƙafafun gaba, wani lokaci kuma ba ya sake komawa daidai har ya mutu. Magabata na farko ba haka suka yi ba. A Madina, a zamanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, dokin da za a yi tsere da shi ciyar da shi ake yi har ya murmure, sa'an nan a rage masa abinci a hankali, a lulluɓe shi ya yi gumi, har kitsen ya zube ƙarfin ya wanzu, kuma irin waɗannan ne ake ba tazara mafi tsawo a fagen tsere.

Shekarar barga tana bin shekarar gona sau da ƙafa. Da damina yara ke fita da lauje bayan an taso daga makarantar allo, su yanko harkiya da kiri-kiri da kyasuwa tun tana ɗanya, a bakin gonaki da fadamu, a baza ta ta sha iska kafin a zuba, domin ciyawar da aka tara da raɓarta ta ɗauki zafi tana kumbura ciki. A yau an sami wani haɗari da kakanni ba su sani ba, shi ne maganin feshi na kashe ciyawa, wanda manoma suka runguma hannu biyu, har ya zama dole yaro ya san gonar da aka fesa jiya ya kauce mata. Kaka ita ce lokacin tadbiri: wanda bai tara harawar wake da ta gyaɗa ba tun tana arha, ya ɗaure ta dami dami ya ɗora a kan soro ko a rassan itace inda awaki ba sa kaiwa, zai saye ta da ɗan karen tsada a bazara, sa'ad da masu turkar raguna da shanu suke nemanta su ma. Mutanen wannan yanki sun fi na arewacin Kano sa'a ta fuska biyu, ruwan samansu ya fi yawa, sa'an nan tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya kafu a wajen Bunkure da Kadawa da Kura, ana samun ɗanyen ganye a lokacin da a wasu wurare ƙasa ta bushe ƙayau.

Sai dai daminar da ke kawo ƙoshi ita ke kawo cuta. Ga kaska, ga ƙudaje masu cizo, ga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari da ke fitowa da almuru, waɗanda likitocin dabbobi suka tabbatar su ne ke yaɗa wata annoba ta dawaki mai kumbura kai da cika huhu da ruwa, wadda kan kashe doki cikin 'yan kwanaki. Tun kafin a san wannan bayani mutanen barga suna hura wuta da magariba, su ɗora mata ɗanyen ganye ko busasshen kashin dabbobi, hayaƙi ya turnuƙe rumfar har dare ya raba. Ba su san ƙwaron ba, amma tajariba ta kai su ga kariyarsa. Haka nan sammore, wanda ƙudan tsando ke kawowa, shi ne dalilin da ya sa doki ba ya daɗewa a kurmi, har sarakunan Oyo a zamanin ƙarfinsu suka dogara ga arewa wajen sayen dawakin yaƙi. Abin da nake roƙon masu doki shi ne kada su jira sai jiƙo da sassaƙe sun gaza sa'an nan su nemi malamin dabbobi, musamman a kan tsutsar ciki, da kuma raunin ƙusa ko tsohon ƙarfe, domin doki yana cikin dabbobin da suka fi saurin kamuwa da cutar nan mai sandarar da jiki ta ƙulle muƙamuƙi.

Wannan duka ba ihsani ba ne da mutum zai yi in ya ga dama. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halilu, sun wajabta wa mai dabba nafaƙarta matuƙar ba ta da wurin kiwo, har suka ce in ya ƙi, a sayar da ita, sun kuma hana a ɗora mata abin da ba ta iyawa. Dokin turke kuwa ba shi da makiyaya sai hannun ubangijinsa. Shari'ar da ta ɗauke wa mutum zakka a kan dokin hawansa ba ta ɗauke masa ciyarwa da shayarwa ba, kuma wanda ya sayi doki don a gan shi ranar Salla, ya bar shi sauran shekara haƙarƙari a waje, ya haɗa riya da zalunci a kan turke guda.

Goɗiya tana ɗaukar ciki wajen wata 11, kuma galibi a ƙauye ake ajiye ta, tun da masu sarauta maza suke hawa. Saboda haka horon farko a irin wannan barga ake yinsa. Yana farawa tun duƙushi na bin uwarsa: a saba masa da hannu, a shafa masa kunnuwa, a ɗaga masa ƙafa a ajiye, a sa masa ragama ya yini da ita. Ba a ɗora masa nauyi sai ya kai shekara biyu da rabi zuwa uku, kuma ko a sa'an nan da tsumma ko buhu ake farawa, sai sirdi ba tare da an tsananta majayi ba, a ja shi a zaga da shi kwana da kwanaki, kafin a ɗora yaro mara nauyi, babba yana riƙe da ragama. Wanda ya yi gaggawa a wannan mataki shi ke gadar wa doki tutsu, domin abin da doki ya koya da tsoro ba ya mantawa. Ɗabi'arsa ce gudu daga abin da bai sani ba. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi in ban da daidai bayansa da daidai gaban goshinsa, shi ya sa ba a zuwa masa ta baya shiru, sai da magana ko fito. Wanda ake nufi da hawan Salla kuma sai an bi da shi ta bakin kasuwa, an tsayar da shi kusa da makaɗa, ya ji ganga da algaita da ƙarar babur da ta bindiga daga nesa, ana matsowa da shi sannu sannu, har ya zama ba ya ko kaɗa kunne.

Da la'asar sakaliya ake fita kilisa, a bi burtali ko hanyar rairayi ta bakin rafi. Da tafiya ake farawa har jiki ya saki, sa'an nan sassaka, sukuwa kuwa 'yar kaɗan ce a wuri mai taushi, a komo da tafiya don doki ya shiga gida numfashinsa ya daidaita. Sai a kwance sirdi, a bar shi ya yi birgima, a goge masa jiki, kafin a ba shi abinci.

A kan linzami nake so in daɗe. Linzamin ƙasar Hausa ƙarfe ne mai tsanani, yana da harshe da ke tokarar ganɗa, da zobe da ke kewaye haɓa, kuma maƙera sun ƙera shi domin yaƙi ne, inda mahayi ke buƙatar ya tsayar da doki cak daga cikin sukuwa da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana riƙe da mashi ko takobi. Da shi ake zamiya, da shi ake tabarya, da shi ake jafi a gaban sarki. To, kayan aiki mai irin wannan ƙarfi ba ya son hannu mai nauyi. Gwani yana riƙe kamazuru sako-sako da 'yan yatsu, doki yana jin motsin ƙarfen kawai ya san abin da ake nufi, cinya da zama da murya kuwa su ke isar da yawancin saƙon. In ka ga irin wannan mahayi yana takama a cikin ayarin hakimi, sai ka rasa ta inda yake ba dokin umarni. Wanda bai iya ba da linzamin yake riƙe kansa a kan sirdi, yana fizga in ya tsorata, yana fizga in yana son a kalle shi, har kumfar bakin doki ta koma ja, 'yan kallo suna sowa suna cewa doki ya yi zafi, alhali kuwa azaba ce yake sha. Bakin da aka saba yi wa haka yakan mutu, ya daina jin ƙaramin ja, a koma neman linzamin da ya fi tsanani, a kuma ɗora wa dokin laifin taurin kai. Hukuncin kaimi ma haka yake, tunatarwa ce ake yi da shi, kuma duk dokin da ka ga tabo a kuiɓinsa ka san an yi israfi.

Saboda wannan ne yaro ba ya fara koyon hawa a kan sirdi. Yakan daɗe yana shara da yankan ciyawa da ɗebo ruwa, yana kallon yadda ake ɗaura majayi da yadda ake sa linzami ba tare da an buga haƙora ba, in kuma ya ƙosa ya ce, “Baba, yaushe zan hau?” amsar da ya fi samu ita ce, “Ka shayar da shi tukuna.” Hawansa na farko ba sirdi ba linzami, da ragama kawai, zuwa rafi da komowa, kuma hikimar a fili take: sirdin Hausa yana da tudu gaba da baya, yana tallafe mutum, har wanda bai iya zama ba ya ɗauka ya iya, amma bayan doki tsirara ba ya rufa wa kowa asiri. Sai zamansa ya daidaita sa'an nan a ba shi likkafa, sai hannunsa ya natsu sa'an nan a ba shi linzami, kuma ko a lokacin tsoho yana biye da shi yana cewa, “Ɗan nan, sassauta hannunka, bakinsa ba igiyar guga ba ce.”

Sayen doki babi ne mai zaman kansa, zan taɓa shi kaɗan. Da yawa daga cikin dawakin ƙasar Kano ta kasuwannin kan iyaka suke shigowa, irin ta Maigatari da ke ci ranar Alhamis. Mutane suna da son rai a launi, wani akawal, wani kili, wani bidi ko gunya ko danda, akwai kuma camfe-camfe a kan farin ƙafa da makwancin gashi waɗanda ba su da asali a shari'a ko a hankali. Dokin mai baki ya fi gudu, in ji masu iya magana, don haka mai saye ya bar dillali da zancensa, ya buɗe baki ya karanta shekaru a haƙora, ya dubi ƙafafu da ido, ya sa a yi sukuwa da shi ya saurari numfashinsa.

In Salla ta ƙarato barga takan cika da baƙi, wannan yana neman aro, wancan yana neman haya, kuma ba a raina kuɗin haya, domin a wasu gidaje shi ke sayen harawar rani. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, abin da ya faranta wa duk mai son doki rai, ya kuma ƙara wa samari sha'awar hawa. Amma sha'awa daban, sani daban. Dawakinmu ba a sa musu takalmin ƙarfe, kofatonsu na rairayi ne, ga shi kuwa yau a kan kwalta samari ke sukuwa da zamiya a bikin ango, tsakanin motoci da yara, doki ya zame ya karye, ko ya take wani. Dokin da aka ba wanda bai san haƙƙinsa ba yakan komo da gyambo a gadon baya saboda sirdin da bai zauna daidai ba, bakinsa a fashe, bai sha ruwa ba tun hantsi, jinyarsa ta cinye kuɗin hayar har da ƙari. Shi ya sa masu hankali ba sa ba da doki sai da sharaɗi: da sirdinsa da linzaminsa zai tafi, yaron barga zai bi shi ya shayar da shi ya sassauta masa majayi in an tsaya, kuma kafin magariba ya komo turkensa. In mai nema ya ce sharuɗɗan sun yi yawa, maigida ya ce masa, “Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji, ba a kansa za mu ɓata ba,” ya raka shi bakin zaure.

Saura mas'alar tsufa. Dokin da ya sami kulawa yakan kai shekara 25 ko ya haura, amma tun kafin nan ya daina iya ɗaukar kayan hawa ya yini a rana. Mashhurin zance a mazhabarmu shi ne ba a cin naman doki, saboda haka ba shi da kasuwar mahauta a nan. Sai dai akwai masu bi ƙauye ƙauye suna sayen tsofaffi da raunana, su loda su a manyan motoci zuwa kudu maso gabas inda ake yanka su, tafiyar kwana da kwanaki a tsaye cikin cunkoso. Ban ce cinikin haramun ne ba, kuma na san talauci yana sa mutum abin da ba ya so. Amma zuciyata ba ta kwanta da a yi wa dabbar da ta ɗauki mutum shekara da shekaru irin wannan sallama ba, alhali kuwa aikinta bai ƙare ba. Tsohon doki shi ne malamin yara. A kansa ake ɗora wanda ya gama zamansa na shara da yankan ciyawa, domin ya ga taro, ya ji bindiga, ba abin da zai firgita shi, kuma in yaro ya fizgi ragama ko linzami ba bisa ƙa'ida ba sau da yawa sai ya tsaya ya ƙi motsi har a sassauta masa. Abincinsa ne kawai ke sauyawa: da yake turamen haƙoransa sun cinye ba ya iya niƙa tsabar dawa, sai a riƙa ɓarza ta a jiƙa da dusa, a zaɓar masa harawa mai laushi, da hunturu kuma a rufa masa buhu ko tsohon bargo da dare, a bar shi ya sha hantsi kafin a fita da shi.